Tsofaffin motoci: Yadda ƙungiyoyin masu su suka sa aka sauya dokokin haraji da rajista

A kasuwar mota, shekaru asara ne. Kowane dillali ya san cewa duk shekarar da ta wuce sai ta zaftare wani abu daga kuɗin mota, har a kai lokacin da babu mai taya ta sai 'yan gwangwan, su ma a kan nauyin ƙarfe. Dokokin ƙasashe da dama a kan wannan fahimta aka gina su: idan mota ta tsufa a tsananta binciken lafiyarta, a hana ta shiga tsakiyar birni, a haramta shigo da ita daga waje.

Sai dai a wasu ƙasashe akwai shekarun da idan mota ta kai su, lissafin yakan juya. A Birtaniya, motar da ta haura shekara 40 ba ta biyan harajin hanya. A Jamus, wadda ta cika 30 tana iya samun lamba ta musamman da haraji mai sauƙi. A Indiya, wadda ta wuce 50 tana da rajistarta daban, wadda ke kare ta daga dokar da ke tura tsofaffin motoci wurin masu yanka ƙarfe.

Galibin waɗannan rangwame sun biyo bayan doguwar fafutukar ƙungiyoyin masu tsofaffin motoci, waɗanda suka shafe gomman shekaru suna zarya tsakanin ma'aikatu da majalisu. Abin da suka samu, da abin da suka sadaukar kafin su samu, da wuraren da suka sha kaye, duka suna da amfani ga wanda sana'arsa ko aikinsa ya shafi haraji da takardun hukuma.

Wace mota ce ta tarihi?

Matsalar farko ita ce ta ma'ana. Jami'in haraji ba shi da hanyar bambanta motar da mai ita ke tattalinta kamar ƙwai da wadda ta tsufa kawai, ana lallaɓa ta saboda babu kuɗin sayen wata. A takarda, dukkansu tsofaffi ne. Muddin doka ba ta raba su ba, duk hukuncin da ya hau ɗaya zai hau ɗayar.

Wannan ne aikin da ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta masu tsofaffin ababen hawa, wadda aka fi sani da FIVA, ta sa a gaba. An kafa ta a 1966, kuma ma'anar da ta tsayar tana da sharuɗɗa huɗu: abin hawan ya kai aƙalla shekara 30, a adana shi a kan siffarsa ta asali, kada ya zama shi ne na zirga-zirgar yau da kullum, kuma ya kasance wani ɓangare na gadon fasaha da al'adu. A 2012 ta amince da wani kundin ƙa'idoji da aka sa wa sunan birnin Turin na Italiya, wanda ya fayyace iyakar gyaran da za a yi wa mota ba tare da an ɓata asalinta ba.

Nasarar ta fito fili a 2014, lokacin da Tarayyar Turai ta sabunta dokarta ta binciken lafiyar motoci. Dokar ta ware rukunin ababen hawa masu muhimmancin tarihi, da sharuɗɗa kusan iri ɗaya da na ƙungiyar: shekara 30, samfurin da aka daina ƙerawa, kuma ba a yi wa muhimman sassansa babban sauyi ba. Ta bar wa kowace ƙasa damar sassauta wa wannan rukuni. Daga nan, duk wata ƙungiya a ƙasashen tarayyar ta samu abin da za ta nuna wa gwamnatinta a rubuce.

Sharaɗi na uku shi ne ƙashin bayan cinikin. Masu motocin sun yarda cewa abin da suke nema wa rangwame ba motar zuwa ofis ko kasuwa ba ce. Da wannan alƙawari suka sayi sassaucin da ya biyo baya.

Birtaniya: harajin da aka yafe, aka tsayar, aka dawo da shi

Hausawa na cewa ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Dokar Birtaniya ta yau kusan haka take kallon mota, amma ba a kai nan cikin sauƙi ba.

A 1988 ƙungiyoyin ƙasar suka haɗu a ƙarƙashin inuwa ɗaya mai suna FBHVC, wadda a yau ke wakiltar ƙungiyoyi fiye da 500. A kasafin kuɗin 1995, ministan kuɗi Kenneth Clarke ya yafe harajin hanya ga motocin da suka haura shekara 25. Tsarin mai tafiya da lokaci ne, wato kowace shekara sabon rukunin motoci kan shiga cikinsa.

Murnar ba ta daɗe ba. Bayan jam'iyyar Leba ta karɓi mulki a 1997, ministan kuɗi Gordon Brown ya tsayar da agogon a wuri ɗaya: motar da aka ƙera kafin 1 ga Janairun 1973 kaɗai ce za ta ci gajiyar yafiyar. Sakamakon haka, motoci biyu samfuri ɗaya daga masana'anta ɗaya, da tazarar 'yan makonni a tsakaninsu, sai ɗaya ta zama kayan tarihi, ɗaya kuma ta ci gaba da biyan haraji duk tsufan da za ta yi. Wannan ya shafi farashinsu a kasuwa, ya kuma rage wa mutane sha'awar kashe kuɗi a kan motocin tsakiyar shekarun 1970.

Ƙungiyoyin sun shafe fiye da shekara 15 suna neman a saki agogon. Sun yi aiki da wani rukunin 'yan majalisa daga jam'iyyu daban-daban masu sha'awar tsofaffin motoci, wanda Sir Greg Knight ya daɗe yana shugabanta. A kasafin kuɗin 2014, George Osborne ya dawo da tsarin mai tafiya da lokaci, amma a kan shekara 40 maimakon 25. Ƙungiyoyin sun karɓa. Sun rasa shekara 15 daga abin da suka taɓa samu, sun kuma samu tabbacin cewa kowace mota za ta kai layin wata rana.

Yafiyar tana da iyaka. Dole mai motar ya nemi a mayar da ita rukunin tarihi, kuma ya riƙa sabunta takardar harajin kowace shekara duk da cewa ba zai biya ko kwabo ba, domin hukuma ta san motar tana nan. Idan aka sa ta haya ko kasuwanci, yafiyar ta faɗi.

A ranar 20 ga Mayun 2018 aka ƙara wani sassaucin: motocin da suka haura shekara 40, waɗanda ba a yi musu babban sauyi ba cikin shekara 30 da suka gabata, an ɗauke musu gwajin lafiyar mota na shekara-shekara. Wannan mataki ya raba kan masu motocin kansu, domin da yawa na ganin idon ƙwararre sau ɗaya a shekara kariya ce ga kowa. Har yanzu wasu na kai motocinsu gwajin don raɗin kansu, kuma doka ba ta ɗauke wa kowa nauyin tabbatar da lafiyar birki da taya ba.

Lambar mota ita ce asalinta

Maganar haraji ta fi jan hankali, amma ga mai tsohuwar mota rajista ta fi nauyi. Lambar da mota ta fito da ita tun farko ita ce shaidar asalinta. Da ita ake gane shekarunta, da ita ake bin sawun waɗanda suka mallake ta, kuma ita ke riƙe da babban kaso na darajarta.

Lokacin da hukumar rajistar motoci ta Birtaniya, DVLA, mai hedikwata a birnin Swansea, ta mayar da bayananta cikin kwamfuta, motoci da yawa da ke ajiye a gareji da rumbunan gona ba su shiga sabon kundin ba kafin a rufe shi a farkon shekarun 1980. Da aka fito da su daga baya domin gyarawa, sai aka tarar hukuma ba ta san da zamansu ba.

Maganin da aka samo yana da ban sha'awa ga ma'aikacin gwamnati. Hukumar ta amince cewa ba ta da masanin kowane samfurin mota da aka taɓa ƙerawa, amma ƙungiyoyin suna da su, har da tsofaffin littattafan masana'antu. Sai ta fitar da jerin ƙungiyoyin da ta yarda da su. Mai mota zai cika fom mai lamba V765, ƙungiyar ta duba motar da takardunta, ta tabbatar da lambar casis da ta inji, sannan hukuma ta mayar wa motar da lambarta ta asali. Hukuma ta samu ƙwarewa ba tare da ɗaukar ma'aikata ba, ƙungiya kuma ta san cewa idan ta sa hannu a kan ƙarya, sunanta zai fita daga jerin.

Abin da masu gyara suka fi tsoro shi ne lambar da ke farawa da harafin Q, wadda ake ba motar da ake shakkar shekarunta ko asalinta. Motar da ta samu wannan lamba darajarta takan faɗi, inshorarta takan yi wuya. Shekaru da dama masu gyara suna kukan cewa ƙa'idojin sun tsufa, har aikin walda na ceton mota daga tsatsa kan iya jawo mata wannan hukunci. Wata sabuwar ƙungiya mai suna HCVA, da aka kafa a 2021 domin wakiltar masu sana'a a wannan fanni, ta haɗa murya da tsohuwar. A watan Mayun 2024 gwamnati ta nemi jin ra'ayin jama'a, kuma a watan Agustan 2025 hukumar ta sauya tsarinta: gyaran da ya maye sashe da irinsa ba ya buƙatar sanar da hukuma, motar da aka yi wa babban sauyi kuma, har da wadda aka mayar mai amfani da lantarki, tana iya riƙe lambarta muddin an sanar.

Jamus da Faransa: rangwame mai sharaɗi

Jamus ta bi wata hanya. Tun 1997 take da lamba mai ƙarewa da harafin H ga motocin da suka cika shekara 30 da rajistar farko. Shekaru kaɗai ba su isa ba. Sai ƙwararren mai bincike ya duba motar ya rubuta rahoto cewa tana cikin kyakkyawan yanayi kuma ba ta kauce wa siffarta ta asali ba. Motar da ta ruɓe, ko wadda aka cusa mata kayan zamani barkatai, ba ta samun lambar.

Mai lambar H yana biyan haraji, amma kuɗin a tsaye yake: Yuro 191.73 a shekara ga mota, komai girman injinta. Ga mai tsohuwar Marsandi mai babban inji wannan sauƙi ne sosai. Lambar kuma tana ba motar damar shiga unguwannin da aka killace saboda tsaftar iska, inda ake hana sauran motoci masu hayaƙi. Gwajin lafiyar mota yana nan bai ɗauke ba.

A Faransa, gwamnati ta bai wa tarayyar ƙungiyoyin ƙasar, FFVE, wadda aka kafa a 1967, ikon bayar da takardar shaidar da ake buƙata kafin a yi wa mota rajista a rukunin kayan tarihi. Motar da ta shiga rukunin ana gwada lafiyarta duk shekara biyar maimakon biyu, amma ba a yarda a yi sana'a da ita ba. A ƙasashen uku ciniki iri ɗaya ne aka ƙulla: gwamnati ta rage kuɗi ko wahala, mai mota ya karɓi iyaka a kan amfani ko a kan gyara.

Amurka: nasara a nan, faɗuwa a can

A Amurka kowace jiha tana da dokar rajistarta, don haka gwagwarmayar a warwatse take. A 1997 ƙungiyar masu ƙera da sayar da kayan ƙawata motoci, SEMA, ta kafa wani reshe da ke haɗa ƙungiyoyin masu motoci, aikinsa shi ne sa ido a kan kudurorin majalisun jihohi da sanar da mambobi su tuntuɓi wakilansu kafin a kaɗa ƙuri'a.

A matakin tarayya, dokar 1988 ta toshe hanyar shigo da motocin da ba a ƙera su bisa ƙa'idojin Amurka ba, amma ta bar ƙofa ga waɗanda suka kai shekara 25. Ko attajirai ba su tsira ba. Motar Porsche 959 ta Bill Gates ta shafe fiye da shekara goma a hannun kwastam, har sai da aka samar da wata ƙa'ida a 1999 mai ba da damar shigo da motoci ƙalilan masu muhimmancin tarihi ko fasaha, bisa sharaɗin kada su yi tafiyar da ta wuce mil 2,500 a shekara.

A 2009 gwamnatin tarayya ta ware Dala biliyan 3 domin biyan mutane su miƙa tsofaffin motocinsu a lalata, su sayi sababbi masu ƙarancin shan mai. Kusan motoci 700,000 ne aka miƙa a shirin. Masu fafutuka sun matsa har aka cire motocin da suka haura shekara 25 daga ciki, domin kada kuɗin gwamnati ya zama sanadin hallaka motoci da kayan gyaran da ba za a sake ƙerawa ba.

Jihar Kalifoniya kuwa ta nuna iyakar ƙarfinsu. Tana da tsarin da ke yafe gwajin hayaƙi ga motocin da suka kai shekara 30, amma a 2004 aka soke shi, aka tsayar da layin a kan samfurin 1975. Fiye da shekara 20 ke nan layin bai motsa ba. A 2025 an gabatar da kudurin sassauci mai samun goyon bayan fitaccen ɗan wasan barkwanci Jay Leno, wanda ya shahara da tara motoci. Kudurin ya tsallake majalisar dattawan jihar, amma ya maƙale a kwamitin kasafi na ɗaya majalisar. A jihar da hayaƙin mota ya daɗe yana addabar biranenta, suna da farin jini ba su wadatar ba.

Lambar kwastam da ke sauya kuɗin fito

Ga ɗan kasuwa mai shigo da kaya, ɓangaren da ya fi jan hankali shi ne na kuɗin fito. A tsarin lambobin kaya da hukumomin kwastam na duniya ke amfani da shi, har da ta Nijeriya, motar ɗaukar mutane tana ƙarƙashin lamba 8703. Akwai kuma lamba 9705, ta kayan da ake tarawa saboda muhimmancinsu na tarihi.

A Tarayyar Turai da Birtaniya, motar da ta kai shekara 30, tana kan siffarta ta asali, kuma an daina ƙera samfurinta, ana iya shigar da ita a lamba ta biyu. Bambancin ba kaɗan ba ne. A maimakon kuɗin fito na kashi 10 cikin 100, ba ta biyan komai. Harajin kayan masarufi na VAT kuma yana sauka: a Birtaniya daga kashi 20 zuwa 5, a Jamus daga 19 zuwa 7. Mota ɗaya ce, jirgi ɗaya ya kawo ta, amma layin da aka rubuta ta a kai shi ke yanke abin da za a biya.

Hujjar masu suka

Akwai masu adawa da wannan rangwame, kuma hujjarsu tana da nauyi. Birnin Landan ya fara karɓar Fam 12.50 a rana daga motoci masu hayaƙi a watan Afrilun 2019, ya kuma faɗaɗa tsarin zuwa dukkan gundumominsa a watan Agustan 2023. Motar fetur da aka yi kafin 2006, da ta dizal da aka yi kafin ƙarshen 2015, galibi suna biya. Motar da ke rukunin tarihi ba ta biya. Ma'ana, leburan da ke tuƙa mota mai shekara 22 saboda ita ce ƙarfinsa zai biya kullum, mai Jaguar ta 1970 da ke fita shan iska ranar Lahadi zai wuce kyauta, alhali injinsa ya fi hayaƙi.

Amsar ƙungiyoyin alƙaluma ce. Binciken da FBHVC ta fitar a 2020 ya nuna cewa akwai ababen hawa na tarihi kimanin miliyan 1.5 a kundin rajistar Birtaniya, kuma matsakaicin tafiyar wanda ke kan hanya kusan mil 1,200 ne a shekara, wato kimanin kilomita 1,900, kwatankwacin zuwa Legas daga Kano da dawowa sau ɗaya. Binciken ya ƙiyasta cewa harkar tana juya Fam biliyan 7.2 a shekara, tana kuma riƙe da ayyuka fiye da 34,000: kanikawa, masu walda, masu fenti, masu ɗinkin kujeru, masu inshora da masu shirya bukukuwa.

Dole a tuna cewa mai neman rangwamen ne ya ɗauki nauyin binciken. Haka kuma amsar ta fi ƙarfi a kan batun hayaƙi fiye da batun adalci, domin ƙarancin tafiyar motar attajiri bai rage wa lebura kuɗin da yake biya ba. Akwai kuma wata tambaya da lokaci zai tsananta: tsarin da ke tafiya da shekaru yana shigar da motocin 1980 da 1990, waɗanda aka ƙera da yawa kuma suke da ƙarko. Idan rukunin ya kumbura har mutane suka fara amfani da shi domin kauce wa haraji, gwamnatoci za su sake duba cinikin, kamar yadda Gordon Brown ya yi.

Abin da ya sa aka saurare su

Alaƙar masu mota da majalisa ta girmi kowace ƙungiya ta yau. Jerin gwanon da ake yi duk ranar Lahadin farko ta Nuwamba daga Landan zuwa Brighton, wanda motocin da aka ƙera kafin 1905 kaɗai ke shiga, tunawa ne da dokar 1896 da ta ɗaga iyakar gudun mota daga mil 4 zuwa 14 a awa. Irin waɗannan bukukuwa suna sa jama'a su ɗauki motocin a matsayin abin kallo na kowa, kuma ɗan siyasa yakan lura da abin da ke tara mutane a bakin hanya.

Bayan wannan, abubuwa huɗu ne suka maimaitu a duk inda aka yi nasara. Ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyi sun yi magana da baki ɗaya, domin ma'aikata ba ta iya zama da kowa ɗaya bayan ɗaya. Sun je da alƙaluma da rubutaccen daftari, suka sauƙaƙa wa jami'i aikinsa. Sun gabatar da iyakar da za a sa musu tun kafin a tambaye su. Sun kuma ɗauki wani ɓangare na aikin tantancewa, suka sa mutuncinsu jingina.

Ina Nijeriya ta tsaya?

Misalin Indiya ya fi kusa da yanayinmu. A birnin Delhi, hukuncin kotu ya hana motocin dizal da suka haura shekara 10 da na fetur da suka haura 15 hawa hanya saboda gurɓatar iska, hukuncin da ya haɗa har da motocin da suka girmi 'yancin ƙasar. A watan Yulin 2021 ma'aikatar sufurin ƙasar ta fitar da ƙa'ida ta musamman: abin hawan da ya wuce shekara 50 kuma yake kan asalinsa zai samu rajista mai haruffan VA a kan Rufi 20,000, ta shekara 10, sabuntawa kuma Rufi 5,000, bisa sharaɗin ba za a yi zirga-zirgar yau da kullum ko kasuwanci da shi ba.

A Nijeriya, jerin kayan da Hukumar Kwastam ta haramta shigowa da su ya haɗa da motocin gwanjo da suka haura shekara 12 da ƙerawa, bayan an rage daga 15. Manufar a bayyane take: kada ƙasar ta zama bolar motocin da wasu suka gama yayi. Amma ma'aunin shekarar ƙira ce, don haka motar da ta gaji da wadda ta zama kayan tarihi layi ɗaya suke.

Ƙasar kuwa tana da tarihin mota nata na kanta. Kamfanin Fijo ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, shekarar da Volkswagen ya fara a Legas. An haɗa manyan motoci a Kano da Bauchi da Ibadan da Inugu. Fijo 504 ta zama motar gwamnati da ta ma'aikacin da ya samu rancen mota, kuma an ci gaba da haɗa ta a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000, fiye da shekara 20 bayan an daina yin irinta a Faransa. Baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976 tana Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Legas, kuma duk wanda ya tsaya a gabanta ya san mota tana iya zama shaidar tarihi.

Bisa ma'aunin shekara 30, duk 504 da ta fito daga Kaduna kafin tsakiyar shekarun 1990 ta isa a kira ta kayan tarihi idan tana kan asalinta. Kanikawan da suka san ta ciki da waje suna nan, kasuwanni irin su Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano kuma suna da sauran kayanta, amma duk shekara adadin masu lafiya raguwa yake yi, domin kuɗin ƙarfe a hannu yake, darajar tarihi kuma sai an jira. Da tsohuwar zuma ake magani, in an bar ta a tulu.

Duk mai son ganin an ware wa irin waɗannan motoci rukuni a nan, zai fuskanci tambayar da jami'in kwastam ko na haraji zai fara yi: me zai hana a fake da sunan tarihi a cika ƙasa da kwaraɓaɓɓun motoci? Ƙungiyoyin Turai sun amsa irin wannan tambaya da shekaru masu yawa, da tantancewar ƙwararru, da haramta haya da kasuwanci, da kundin da hukuma za ta iya dubawa a kowane lokaci. Wanda ya je ma'aikata da waɗannan a rubuce, ya fi wanda ya je da hotunan motarsa damar a ba shi kujera.